Ranar da Baba Ya Sauya Ra'ayi a Gaban Teburin Pool

Cikin duk abin da na gani a zamana na Landan, akwai wata ranar Asabar da na tabbata ba za ta fita daga raina ba muddin ina numfashi. Abin da ke ba ni dariya idan na tuna, a kan musun wasa aka yi ta, wasan da ni har yau ko sandarsa ban iya riƙewa daidai ba.

Mahaifina likita ne, irin waɗanda ke sa marar lafiya barci kafin a yi masa aiki. Daga Kano ya zo ƙaro karatu tun yana saurayi, aiki ya riƙe shi, daga baya ya ɗauko mu da Mama muka zauna a Camberwell, kusa da asibitin da ya yi aiki har ya yi ritaya. Mutum ne marar yawan fita. In ka ɗauke masallaci da sauraron rediyo, abu ɗaya ne ke fitar da shi daga gida da murna, wato wasan pool. A gida Najeriya duk wasan da ake buga ƙwallaye da sanda a kan tebur sinuka ake ce masa, amma in ka faɗi haka a gaban Baba sai ya zaunar da kai ya yi maka bayanin bambancinsu, ko kana so ko ba ka so.

Abokin wasansa wani dattijo ne Bahaushen Gana, haifaffen zangon Kumasi, wanda ke da shagon sayar da yadi a wajen Stratford. Mu yara Alhajin Kumasi muke ce masa. Dogo ne, mai ƙarar murya, ga son barkwanci, kuma Hausarsa ta zango ba ta damu da namiji ko mace ba. Tun ina ƙarama idan ya gan ni sai ya ce, "Yarinyan nan ya girma." Duk Asabar bayan azahar sai ya shigo tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ƙetaro kogi, su haɗu da Baba a wani kulob da ke saman wani shagon kayan ɗaki, wurin tsofaffi ne da rana, shayi kawai ake sayarwa da biskit.

Irin wasan da suke bugawa ana ce masa straight pool, kuma dole in ɗan bayyana shi don a gane musun. Ana jera ƙwallaye goma sha biyar a tebur, kai kuma kana da farar ƙwallo da kake bugawa da sanda don ta tura sauran cikin ramuka. Kafin kowane bugu sai ka faɗi ƙwallon da kake nufi da ramin da za ta shiga. Idan saura ɗaya a tebur, sai a sake jera sauran goma sha huɗun, kai kuma ka jefa ta ƙarshen a rami ta yadda farar za ta tarwatsa sabon jerin, ka ci gaba. Muddin ba ka kuskure ba, sandar tana hannunka. Saboda haka abin alfahari a wannan wasa shi ne yawan ƙwallayen da mutum ya jefa a jere ba tare da kuskure ko ɗaya ba.

To, a nan musun yake. Akwai wani gwani Ba'amurke na zamanin da, wanda ya jefa sama da ɗari biyar a jere, aka yi shekaru masu yawa ba wanda ya kamo shi. Can daga baya, a zamaninmu, wani ya zo ya zarce shi, ya wuce ɗari shida. Baba yana bayan na da. Hujjarsa ita ce mutumin nan a gaban jama'a ya yi, da abokin karawa a zaune yana jiran ya kuskure, kuma ba shiri ya yi don kafa tarihi ba, wasa ya zo yi abin ya zo masa. Shi kuwa na zamani, in ji Baba, kafa kyamara ya yi, ya yi ta gwadawa wata da watanni, in ya faɗi ya sake jerawa, har ranar da ta yi masa kyau. Baba ya kan ce wannan naci ne, ba gwaninta ba. Alhajin Kumasi kuma yana bayan na zamani. Shi a wurinsa lissafi ba ya ƙarya, wanda ya fi yawa ya fi. Ya kan ƙara da cewa teburin na da ƙarami ne, ramukansa masu faɗi, alhali na zamani a babban tebur ya yi, kuma ga bidiyo nan kowa ya gani da idonsa.

Sun yi wannan musu a kulob, sun yi shi a falonmu, sun yi shi a waya. Na taɓa jin sun yi shi a wurin sunan jikan wani, har mai gida ya zo ya roƙe su su ci abinci. Mama ta kan ce da za a tara maganar da suka ɓata a kan mutum biyun nan da ba su san da zamansu a duniya ba, da ta isa a sasanta ƙasashe. Ba wanda ya taɓa matsawa daga inda yake ko da taƙi.

Sai wata shekara, wajen ƙarshen bazara, Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taimaka Mama tana gida, aka kai shi asibiti da wuri. Ya tashi, amma hannunsa na hagu ya yi rauni, ƙafar ma tana ja, kuma maganarsa ta yi nauyi, wasu kalmomin sai sun tsaya masa a baki kafin su fito. Likitoci suka ce akwai kyakkyawan fata in zai dage da physio, wato motsa jikin da ake koya wa masu irin wannan ciwo. A lokacin ina aiki a wani kantin magani, sai na rage kwanakin aikina na koma gida don in taya Mama.

Ban taɓa sanin likita zai iya zama marar lafiya mai wuyar sha'ani haka ba. Baba bai yi faɗa da kowa ba, shiru kawai ya yi. Ya zaɓi kujerar da ke bakin taga ya zauna, rediyo a gefensa, ko an kunna ko ba a kunna ba duk ɗaya. Idan mai physio ta zo sai ya yi abin da ta ce na ɗan lokaci don kunya, tana fita ya ajiye. Sau da yawa ya sa ni na yi cancel, na soke zuwanta, wai ya gaji. Da na matsa masa wata rana, a hankali ya ce mini ya san abin da hoton ƙwaƙwalwarsa ya nuna fiye da ita, kada mu wahalar da kanmu. Abin da ya fi damuna shi ne daina maganar. Mutumin da ke iya yin awa yana bayani a kan abu ɗaya ya koma "to" da "a'a" da ɗaga kai. Na gane daga baya kunyar yadda muryarsa ta koma yake ji.

Mu kuma sai muka shiga lallaɓa shi. In ya miƙa hannu ga kofi, kafin ya kai an ba shi. In ya fara magana ta tsaya, mu ƙarasa masa. Masu zuwa dubiya su zauna su sassauta murya, su yi addu'a, su ce Allah ya sa kaffara ne, su tafi. Kowa da kyakkyawar niyya. Har Alhajin Kumasi a zuwansa na farko haka ya yi, ya zauna a takure kamar ba shi ba, ya fita yana share ido a bakin ƙofa.

Zuwan da ya canja komai, wata Laraba ce da la'asar. Ya shigo da ledar lemo, ya gaida Mama, ya gaida Baba, Baba ya ɗaga masa kai. Maimakon ya zauna kusa da shi, sai ya ja kujera wajen da nake ninke kaya, ya juya wa Baba baya, ya fara yi mini hira da ƙarfi kamar yadda ya saba. Ya tambaye ni ko na san labarin gwanayen nan biyu. Na ce ai na sha ji har na haddace. Ya ce to yanzu da babu mai ruɗa ni, bari ya faɗa mini gaskiyar magana. Ya ce teburin da na da ya yi wasa a kai bai fi faranti ba, ramukan kuwa kamar bokiti, ko da ido a rufe ƙwallo sai ta faɗa.

"Ko ke ɗin nan," ya ce yana nuna ni, "in an ba shi wannan tebur, zai yi ɗari biyar kafin magariba."

Na saci kallon Baba. Bai juyo ba, amma na ga hannunsa na dama ya damƙe hannun kujera. Alhaji ya ci gaba, ya ce dama masu kare na da mutane ne da ba sa son a ce zamani ya wuce su, kuma ya ji daɗi yanzu an huta, magana ta ƙare, na zamani ya yi nasara tunda ba mai ja.

"Ƙarya kake yi."

Muryar ta fito da nauyi, amma kowace kalma ta fito. Mama da ke kicin ta leƙo da ludayi a hannu. Baba ya juyo da kujerarsa da ƙyar, ya kalli abokinsa, ya ce ƙaramin tebur ya fi cunkoso, ƙwallaye na tare wa juna hanya, kuma wanda bai taɓa jefa talatin a jere ba bai kamata ya raina ɗari biyar ba. Ya daɗe kafin ya gama faɗin wannan. Sau biyu kalma ta maƙale masa, na buɗe baki zan taimaka, sai na ga Alhaji ya zuba masa ido yana jira, fuskarsa a ɗaure kamar mai shirin ramawa. Na fasa. Da Baba ya gama, Alhaji bai tausaya masa ko kaɗan ba. Ya ce wannan duk baki ne, a kulob akwai ƙaramin tebur akwai babba, in Likita ya isa ya zo ranar Asabar ya nuna masa cunkoson da yake faɗa.

Baba ya kalle ni ya ce, "Ki yi mana booking ɗin tebur."

Mama ba ta so ba. A daren ta ce mini tsoronta kada ya faɗi, ko ya je ya kasa, ya dawo ya fi da shiru. Ni ma abin da nake tsoro ke nan. Na kira mai physio na tambaye ta, ta ce in dai akwai mai tsayawa kusa da shi, kuma zai zauna in ya gaji, ita ba ta ga laifi ba, hasali ma ta fi son haka da zaman taga.

Ranar Asabar ya yi sallar azahar a zaune, ya sa aka ɗauko masa rigar sanyinsa mai ruwan toka da hularsa, na kai shi a mota. Sai da muka isa na tuna kulob ɗin a sama yake, kuma babu lif. Na tsaya a gindin matakalar ina kallonta, na ce ko mu koma. Ya miƙa mini sandar da yake dogarawa, ya kama ƙarfen gefe da hannun dama, ya fara hawa, ƙafa mai lafiya a gaba, ɗayar ya jawo ta. Ina bayansa da hannuwa a buɗe. Alhaji yana can sama a tsaye, bai sauko ba, sai ma cewa yake a yi sauri lokacin tebur na tafiya. A ranar na ji haushinsa sosai, ban faɗa ba ne kawai.

Tsofaffin da ke wurin, yawancinsu Turawa da mutanen Jamaika, suka taso suna gaida Baba, suka kuma koma wasansu, abin da na gode musu a kai. Aka jera ƙwallaye a ƙaramin tebur. Baba ya ɗauki sanda, ya goga mata alli a baki kamar yadda ya saba, ya sunkuya. Nan matsalar ta bayyana. Mai wasa da dama, hannun hagu yake kafawa a kan tebur ya ɗora sandar a tsakanin yatsu. Yatsun Baba suka ƙi tsayawa. Ya kafa su, suka kwanta. Ya buga haka nan, sandar ta zame, farar ƙwallo ta gangara gefe ba ta taɓa komai ba.

Alhaji ya ɗauko ta ya mayar masa inda take. Baba ya sake, ta sake zamewa. Ya gwada dunƙule hannun, ya ɗora sandar a bayansa, ya taɓa ƙwallon amma ta bugi gefen rami ta dawo. Ya sake. Ban ƙirga sau nawa ba, na dai san shayin da na saya ya huce a hannuna ban kurɓa ba. Gumi ya jiƙa masa gefen hula. Na tashi zan ce ya isa haka, Alhaji ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya, karo na farko da na taɓa jin ya yi hakan.

"'Yata, bar shi. In ya gaji shi zai faɗa."

Na koma na zauna. Can sai Baba ya miƙe, ya numfasa, ya nuna ƙarƙashin tebur. Akwai wata doguwar sanda mai kan ƙarfe da ake ɗora sandar wasa a kai idan ƙwallo ta yi nisa. Alhaji ya miƙo masa. Baba ya kwantar da ita a tebur, ya danne gindinta da hannun hagun, tunda dannewa dai yana iyawa, ya ɗora tasa a kai. Ya faɗi ƙwallon da yake nufi da raminta, a hankali, sai da kowace kalma ta fita. Ya buga. Ta tafi salin-alin ta faɗa.

Ban san na yi tafi ba sai da na ga mutane sun juyo. Baba ko kallona bai yi ba, yana can yana duba inda farar ta tsaya. Ya zagaya tebur yana dafa gefensa, ya jefa ta biyu, ya jefa ta uku. A ta huɗu ya kuskure. Ya tsaya yana kallon ƙwallon kamar zai yi mata faɗa, sannan ya ce a kawo masa kujera.

Muka zauna mu uku a ɗan teburin shayi. Na kawo musu sabon shayi mai zafi. Alhaji ya fara tsokana, wai ina cunkoson da aka ce za a nuna masa. Baba yana ta juya cokali a kofi. Da ya buɗe baki, abin da ya fito ba wanda ya zata.

"Alhaji, mutumin naka. Na zamanin." Ya tsaya ya nemo kalmar. "Na raina shi. Ka kai ɗari huɗu, ka kuskure, ka sake jerawa daga ɗaya. Gobe ma haka. Wannan ba ƙaramin mutum ba ne."

Ya ce shi duk rayuwarsa yana ganin gwani shi ne wanda abu ya zo masa a karo ɗaya, a gaban mutane. Yau da ya sha wuya kafin ƙwallo ɗaya ta shiga, ya gane dawowa bayan an kuskure ya fi wuya, musamman in ba mai kallo ba mai tafi. Ya ce ya yarda, na zamani ya fi.

Na juya in ga murnar Alhaji, mutumin da ya shekara da shekaru yana neman wannan kalma. Sai na ga ya ɓata fuska. Ya ajiye kofinsa ya ce shi fa kwanan nan ya sake tunani. Ya ce yanzu da ya ga Likita ya yi wasa mutane na kallonsa, ya gane idon jama'a nauyi gare shi, kuma wanda ya jefa ɗari biyar da ɗaki cike da mutane, ba damar sakewa, shi ne gwani na gaskiya. Na zamani kuwa, ai kowa ma in aka ba shi wata da watanni zai dace wata rana.

Baba ya zuba masa ido. "Maganata ce fa kake faɗa."

"Ka yar, na tsinta," in ji Alhaji.

Baba ya fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin ciwon. Bakinsa ya karkace, bai damu ya rufe shi da hannu ba. Kafin shayin ya ƙare sun koma musu gadan-gadan, kowa yana kare abin da ya shekara yana rushewa, kuma kowa ya san hujjojin ɗayan sarai tunda ya sha jin su. Sai da mai kulob ya zo ya ce wasu na jiran tebur sannan muka tashi. A mota Baba ya tambaye ni yaushe mai physio za ta dawo, ya ce in gaya mata yatsun nan yake so su fara da su.

Hannun bai koma kamar da ba, kuma ba zan ce ya koma ba. Har yau da sandar ƙarfen nan yake yawancin bugunsa, tafiyarsa ma sai a hankali. Amma maganarsa ta sake sosai, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, kuma duk Asabar yana hawa matakalar nan. Musun ma yana nan. Da labari ya zo cewa wani ya sake zarce na zamanin, sai suka samu sabon abin ja, Mama ta ce ita ta sallama. Na taɓa tare Alhaji a kicin na tambaye shi ko da gangan ya shirya abin da ya yi ranar Larabar nan. Ya ce shi bai san zancen da nake yi ba, gaskiya kawai ya faɗa, teburin ƙarami ne.

Abin da wannan rana ta koya mini ina amfani da shi har a wurin aiki, idan tsofaffi suka zo karɓar magani da 'ya'yansu suna amsa tambaya a madadinsu. Marar lafiya yana buƙatar mai ba shi magani da mai yi masa addu'a, amma yana kuma buƙatar mutum ɗaya da zai ci gaba da ɗaukarsa yadda yake a da, ya ja da shi, ya jira shi ya gama maganarsa komai daɗewarta, ya bar shi ya kuskure ya sake. Mu mun ba Baba tausayi, kuma yana da amfaninsa. Abokinsa ya ƙi yarda cewa an gama da shi, shi ya sa Baba ya tashi daga bakin taga.